Masu "kai malaman Ingilishi Koriya" sun shigo Garwa, a yi hattara

Jama'ar Garwa, Marwa da Ngaundere a arewacin Kamaru, duk mai ɗa ko ƙane da ya gama jami'a yana zaune, don Allah ya nuna masa wannan. A gidanmu abin ya faru, ba a majalisa na ji ba.

Ƙanena ya yi lisans, wato digirin farko, a Ingilishi da Faransanci, shekara biyu ke nan yana koyarwa a wata makarantar kuɗi, albashin ko man babur ba ya kai shi ƙarshen wata. Bayan sallar layya aka jefa shi wani zauren WhatsApp, wai shirin musayar al'adu ne: Koriya ta Kudu na neman malaman Ingilishi, gida kyauta, tikiti kyauta, albashi sama da sefa miliyan ɗaya. Har ofis gare su, ɗaki ɗaya a saman bene kusa da kasuwa. Ni na raka shi. Muka tarar da mutum ya sha kwat cikin zafin nan na Garwa, ga 'yar tutar Koriya a kan tebur, ga hotunan samari da jakunkuna a filin jirgi an manna a bango. Ya miƙo mana ruwan sanyi ya ce, "Alhaji, gurbi uku ya rage. Ƙanen nan naka kuwa, Ingilishinsa kamar ɗan Bamenda, garin masu Ingilishi." Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Da wannan yabon aka ɗaure ni.

Aka fara da sefa 25,000 na buɗe dosiye, wato fayil. Sai 150,000 na takardar shaidar koyarwa. Sai 300,000 wai ajiyar biza, za a mayar in ya sauka. Duk ta Orange Money, hanyar tura kuɗi ta waya, kuma kowane karo sunan da ke fitowa daban. Na yi magana, ya ce akantocinsu ne. Inna ta sayar da karsanarta. Ranar da za a kai ta kasuwa ƙanena ya ce, "Yaya, albashin farko zan saya mata biyu."

Aka ce ya je Yawunde karɓar biza. Ya kwana cikin jirgin ƙasa daga Ngaundere, ya isa ofishin jakadanci da wasiƙarsa mai hatimi. Aka duba aka ce ba tasu ba ce. Kafin la'asar lambar mai kwat ta mutu, an fitar da ƙanena daga zauren. Na ruga ofis, kwaɗo na tarar. Mai gidan ya ce hayar wata biyu suka biya.

Abin da ya fi ci mini rai, bincike kaɗan ya isa ya tona su. Shirin gwamnatin Koriya na gaskiya sunansa EPIK, tun 1995 yake, kuma ƙasashen da aka san yana ɗiba su ne Amurka, Birtaniya, Kanada, Ireland, Ostireliya, New Zealand da Afirka ta Kudu, sai Indiya ta wata yarjejeniya. Babu Kamaru, ko da Ingilishi harshen hukuma ne a wurinmu. Ke nan tun farko rijiyar ba ruwa, mu ne muka yi ta zura guga. Na Japan kuwa, JET, wanda aka fara a 1987, ta ofishin jakadancinsu ake nema, ba a biyan kuɗin cike takarda, su ne ma ke biyan tikitin wanda suka ɗauka. Haka Fulbright, shirin musayar karatu na Amurka, ta ofishin jakadanci ake bi, ba ta hannun dillali ba.

Wani abokina ya ce mu gode Allah kuɗi kawai suka ci, kuma da gaskiyarsa. A 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce aƙalla mutum 120,000 ake tsare da su a Myanmar ana tilasta musu damfarar intanet, da yawansu tallar aikin ƙarya ce ta kai su.

Mun kai ƙara wurin jandarma da rasit ɗin wayar duka. Abin da ya rage a hannunmu fasfon 110,000 ne, shi kaɗai muka biya hukuma. Jiya wani ɗalibin ƙanena ya turo masa sabuwar talla: hotunan samarin nan ne dai da jakunkunansu, tutar kawai aka canza, yanzu ta Japan ce, ofishin kuma wai a Marwa.