Mashayar Ƙauye ko ta Bakin Hanya: Inda Za Ka Kai Abokan Aikinka

Assalamu alaikum, ɗan'uwa. Tunda abokan aikinka Turawa sun bar maka zaɓi tsakanin tsohuwar mashayar ƙauye da irin manyan nan na kamfani da ke bakin babbar hanya domin cin abincin ranar Lahadi, ka zaɓi ta ƙauye, kuma ka buga waya a ajiye muku tebur tun ranar Alhamis. Ni ma ba na shan giya, amma a zaman da na yi a Oksfod ta Ingila na ci abinci a duka biyun. Maganar halaccin zama a teburin da ake sha kuwa ta malamai ce, ka tambaye su kafin ka amsa gayyatar.

Maƙwabcina, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, shi ya fara kai ni wata mashaya a wani ɗan ƙauye kusa da Hook Norton, cikin watan Nuwamba, ana yayyafi. Ginin dutse ne, ƙofarsa sai an sunkuya ake shiga, takalman masu yawon daji duk taɓo a jere a bakinta, wutar itace na ci a murhu, wani kare yana kwance a gabanta, abincin ranar kuma an rubuta shi da alli a jikin allo. Na shaida wa matar da ke kantar sayarwa cewa ba na cin alade, ba na cin abin da giya ta taɓa, nama kuma sai na yanka. Ba ta yi mini alkawarin komai ba, sai ta shiga ciki ta fito da mai girkin, hannunsa duk gari. Shi ya faɗa mini da bakinsa cewa ƙullun da yake tsoma kifi a ciki kafin suya da giya yake kwaɓa shi, romon da ake zubawa a kan gasasshen nama akwai ruwan inabi mai sa maye a ciki, dankalin kuma da kitsen shanu ya gasa shi. Ya ɗauko kasko mai tsabta ya gasa mini kifi da man shanu da lemon tsami, ya haɗa da dafaffen dankali da karas da kabeji, daga baya aka kawo gasasshiyar tuffa da kwastad mai zafi. Har gobe ina ganin ƙimar mutumin nan, domin da ya yi shiru ba abin da zan gane.

Su kuwa abokan tafiyarka, abin da zai faranta musu shi ne giyar ganga, wadda suke kira "riyal el", wato giya ta ainihi. Ba a kashe yis ɗin da ke cikinta, saboda haka tana ci gaba da nuna a cikin ganga a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, a sanyin da bai wuce digiri 11 zuwa 13 ba, ana kuma jawo ta da famfon hannu ba tare da tura mata iskar gas ba. Da zarar an huda ganga, kwana 3 ko kusa da haka take yi kafin ta fara tsami. Manyan kamfanoni sun so su maye gurbinta da wadda ba ta saurin lalacewa, shi ya sa aka kafa ƙungiyar CAMRA a 1971 domin kare ta. Kamfanin giya na Hook Norton da ke wannan yanki tun 1849 yake aiki, kuma har yanzu yana da manyan dawakai masu jan amalanken ganguna zuwa mashayun cikin gari. Abin da ya shafe ka a nan shi ne, a iya abin da na gani, mai gidan da yake sauka ƙasa kullum ya duba gangunansa ba ya sakaci da tukunyarsa, kuma ya san abin da ke cikinta.

Ta bakin hanya tana da araha da filin ajiye mota, iyakar alherin da zan faɗa a kanta ke nan. Na taɓa biyan kuɗin faranti a wata, na tambayi yaron da ke hidima ko akwai giya a miyar, ya ce a leda take zuwa musu, ya miƙo mini takardar abubuwa 14 da doka ta wajabta a bayyana saboda masu rashin lafiya, alhali giya da alade ba sa cikin jerin. Burodi da ganye kawai na ci.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da tikitin yawon Kotswold, yankin ƙauyukan da ke kusa da Oksfod, daga Landan waɗanda ke cusa "abincin mashayar gargajiya" a cikin farashi, domin wasunsu inda suke da kamasho suke sauke mutane, a ba ku abinci iri biyu tak a ce ku zaɓa. Haka nan duk wanda ya yi saurin ce maka namansa halal ne, ka nemi ganin takarda ko sunan mahautar, in ya fara kame-kame ka koma kan kifi. Ka duba makin tsabta na Hukumar Kula da Ingancin Abinci, daga 0 zuwa 5, a intanet, tunda a Ingila ba dole ba ne a manna shi a ƙofa. Wajen abin sha, shandi giya ce da aka sirka da lemo, wanda ake yi da tuffa su kira shi "sayda" shi ma yana bugarwa, kuma wasu kwalaben da aka rubuta babu maye a jikinsu suna ɗauke da kashi 0.5 cikin 100. Ka nemi soda da lemon tsami ko shayi.

Wurin kantar sayarwa ake zuwa a faɗi abin sha a biya nan take, kuma suna da al'adar karɓa-karɓa, inda mutum ɗaya zai saya wa kowa, in kofuna sun ƙare na gaba ya tashi. Idan ka karɓi na farko layi zai zo kanka, ka ga ke nan za ka saya wa mutane giya da kuɗinka. Tun kafin a zauna ka ce musu cikin ladabi kai za ka riƙa sayen naka, in kana son kyautatawa ka biya musu kuɗin kayan zaƙi a ƙarshe. Ku isa da ƙarfe 12 ko 12:30, domin gasasshen naman Lahadi yakan ƙare da wuri, ka kuma tabbatar da wanda zai mayar da kai gida da mota, saboda ƙauyuka da yawa bas ba ta zuwa ranar Lahadi.