Wata takwas Baba yana shan rifaximin: abin da idona ya gani

Ranar da Baba ya tashi ƙarfe biyun dare, ya zura babbar riga ya ce a buɗe masa ƙofa zai tafi kasuwa, ranar muka yarda cewa abin ya wuce tsufa. Alamun sun daɗe suna zuwa, mu ne ba mu iya karanta su ba. Mutumin da ya yi shekara talatin yana sayar da atamfa, wanda yake gama lissafin dila guda da ka kafin yaron shago ya lalubo kalkuleta, sai ga shi yana ba mutane canjin da ya fi kuɗinsu. Ya wuni yana gyangyaɗi, dare ya yi idonsa biyu. Ya idar da la'asar, ya juyo yana tambaya ko an kira salla. Umma ta ce sammu ne na abokan kasuwa, Gwaggo ta ce iska ce. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, an turara abin da aka turara.

Alhali mun san yana da ciwon hanta, nau'in B, tun shekaru shida da suka wuce, kuma an gaya mana hantar ta ƙeƙashe. Babu wanda ya taɓa kawo wa ransa cewa hanta tana da hanyar da za ta bi ta taɓa kai.

A asibiti likita bai ɗauki minti biyar ba. Ya ce, “Baba, miƙo hannuwanka gaba, ka ɗaga tafin kamar mai tsayar da mota.” Hannuwan suka riƙa faɗuwa suna tashi kamar fiffiken tsuntsu. Sai ya juyo gare ni ya yi mini bayanin da har yau da shi nake aiki. Ƙwayoyin halittar da ke zaune a hanjin kowa suna fitar da wata guba, amoniya, idan suna sarrafa abin da muka ci. Lafiyayyar hanta tana kama ta, ta mayar da ita abin da zai fita ta fitsari. Hantar da ta ƙeƙashe kuwa ba ta iyawa, jinin ma yana neman wasu jijiyoyi ya kewaye ta, sai gubar ta wuce kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa. Ruɗewar da muke gani ke nan, kuma idan aka bar ta tana kai mutum ga doguwar suma.

An kwantar da shi kwana huɗu, aka sallame mu da lactulose, wani ruwan magani mai zaƙi kamar zuma da aka tsinka. Aikinsa sa mutum ya yi bayan gida mai laushi sau biyu zuwa uku a rana, don kada gubar ta samu zama. Ya yi aiki, amma bayan wata biyu ruɗewar ta dawo, ko da yake ba mu yi sakaci ba. A wannan karo na biyun ne likita ya ƙara rifaximin, miligiram 550, ɗaya da safe ɗaya da dare. Wannan maganin nake son yin magana a kansa, don na lura masu jinyar irin wannan ciwo da yawa ba su taɓa jin sunansa ba.

Da na ji cewa maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, kuma ba na kwana biyar ko bakwai ba, na watanni ne ba ranar dainawa, gabana ya faɗi. Tun da aka gano ciwon Baba ake ja mana kunne cewa kowane magani ta hanta yake bi. To ta yaya za a ɗora wa gajiyayyar hanta wannan kaya kullum? Amsar ita ce abin da ya fi burge ni game da shi: kusan ba ya shiga jini. A jikin mai lafiya, abin da hanji yake tsotsa daga cikinsa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Yana bin hanji ne kawai, ya rage ƙarfin ƙwayoyin da ke haɗa gubar, ya fita da bayan gida. Likitan dai bai ɓoye mini ba cewa a jikin wanda hantarsa ta yi rauni sosai abin da ke shiga jinin yana ƙaruwa, shi ya sa ba a ba da shi a juya baya, sai ana duba mutum.

Ba sabon magani ba ne. A Italiya aka fara amfani da shi tun 1987, hukumar magunguna ta Amurka kuma ta amince da shi don hana dawowar wannan ruɗewa a 2010. Na nemi binciken da aka dogara da shi na karanta, saboda ni mace ce mai son ganin ƙwaƙƙwafi. Mutum 299 aka bi har wata shida. Cikin waɗanda suka sha maganin, kusan 22 cikin ɗari ne ruɗewar ta dawo musu. Cikin waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a ciki, kusan 46 cikin ɗari. Amma ga inda mutane suke tsallakewa: fiye da 90 cikin ɗari na mutanen nan suna shan lactulose a lokaci guda. Wato ba a gwada shi a matsayin magajin ruwan maganin ba, abokin tafiyarsa ne. Wannan darasi sai da muka biya kuɗinsa kafin ya zauna mana, zan zo kansa.

Me muka gani a gida? Mako na farko ba komai. Wajen mako na uku barcinsa ya koma dare. Daga nan sai ƙananan abubuwa suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya: ya daina neman hular da ke kansa, ya koma sauraron labaran rediyo yana musu da masu sharhi, ya kama ƙanena da kuskuren naira dubu huɗu a littafin shago. Ranar da ya kira ni “Uwata” da irin muryarsa ta da, ya ce shayin ya yi sanyi, sai da na shiga ɗaki na share hawaye. Na ajiye wani littafi na makaranta da nake rubuta sau nawa ya zaga a rana, ƙarfe nawa ya yi barci, kuma duk Juma'a ina sa shi ya rubuta sunansa da kwanan wata. Idan aka jera shafin watan farko da na yanzu, sai ka rantse mutum biyu ne suka yi rubutun.

Illa kuwa, a wurinmu kaɗan ce. Tashin zuciya a kwanakin farko, da jiri sau biyu ko uku in ya miƙe da sauri. Kumburin ƙafa yana cikin abin da takardar maganin ta lissafa, amma Baba dama yana da shi, ba zan ɗora wa maganin laifin da ban tabbatar ba. Abin da aka ce mu sa wa ido shi ne gudawa mai ruwa-ruwa da ba ta tsayawa, musamman in ta zo da zazzaɓi ko murɗar ciki, domin duk maganin kashe ƙwayoyin cuta yana iya buɗe wa wata muguwar ƙwaya ƙofa a hanji. Wahalar ita ce lactulose ma yana sa gudawa in ya yi yawa. Littafin nan nawa shi ya riƙa raba mana gardama.

Yanzu ga abin da ba na so. Tsada. Ƙwaya sittin ake sha a wata, kuma ko na Indiya da muke samu, wanda ya fi na Turai sauƙi nesa ba kusa ba, sai da muka raba nauyinsa mu uku. Samunsa ma aiki ne. Ba kowane kemis ke ajiye shi ba, wani lokacin sai a ce a dawo jibi. Na koyi in fara nema tun da sauran kati biyu a gida.

Wajen neman nan ne muka kusa yin ɓarna. Na aiki ƙanena da sunan maganin a rubuce, yaron kemis ya duba ya ce akwai, ya miƙo masa rifampicin. Sunayen sun yi kama, dangin juna ne ma, amma wannan na tarin fuka ne, yana shiga jini sosai, kuma an san shi da taɓa hanta. Allah ya sa ni na karɓi ledar. Namu ƙwaya ce, wannan kuwa jan kafso ne. Da Umma ce ta karɓa, da ta ba shi da bismilla. Tun daga ranar tsohon kwalin nake ba duk wanda zan aika, in ce ya jera su harafi da harafi, ya duba 550 ɗin, ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Wani maƙwabcinmu da yake ganin ya san magani ya ce mu daina wahalar da kanmu, ai Flagyl ma yana yin aikin, ga shi kamar kyauta. Na kai maganar gaban likita. Ya ce gaskiya ne ana iya amfani da shi na ɗan lokaci in babu yadda za a yi, amma in aka daɗe ana sha yana lalata jijiyoyin ƙafa da hannu, kuma mai ciwon hanta ba ya fitar da shi da wuri. Neomycin da ake bayarwa a da shi kuma kunne da ƙoda yake ci. Araha dai ba ta ado.

Matar maƙwabcin nan kuma ta taɓa aiko yarinya wai a sam mata ƙwaya biyu, cikinta ya ɓaci, ta ji an ce na Baba na hanji ne. Na hana, ta yi fushi na mako guda. Ba rowa ba ce kawai, ko da yake da kuɗinsa a raina. Shekaru ana ɗaukar rifaximin a matsayin wanda ba ya koya wa ƙwayoyin cuta taurin kai, sai a 2024 masu bincike a Melbon ta Ostireliya suka nuna cewa yana iya sa wata ƙwayar hanji ta daina jin daptomycin, ɗaya daga cikin magungunan da asibiti ke ajiyewa don ranar da komai ya ƙi. Su kansu ba su ce masu ciwon hanta su daina sha ba. Amma ya ishe ni dalilin da zan ce wanda aka rubuta wa shi kaɗai zai sha, kuma duk asibitin da aka kai Baba sai na faɗa musu yana kansa.

Sai batun da na ce zan dawo kansa. A wata na biyar aka yi rasuwa a dangi, Baba ya dage sai ya je ta'aziyya Katsina. Saboda kunyar tsayar da mota a hanya da kuma bayan gidan gidan mutane, ya ajiye lactulose a jaka bai taɓa ba, bai kuma gaya wa kowa ba. Ƙwayarsa kuwa bai tsallake ko ɗaya ba, safe da dare. Kwana uku bai zaga ba. Ranar da suka dawo ya shigo yana kiran Umma da sunan ƙanwarsa da ta rasu tun muna yara. Muka kwana biyu a asibiti. Maganin mai tsada yana cikinsa, bai hana ba, domin an cire masa abokin aiki.

A wannan kwanciyar ce wata nas ta zaunar da ni ta lissafa mini abubuwan da ke tayar da ruɗewar ko ana shan magani: taurin bayan gida, zubar jini a ciki wanda ake gane shi da baƙin kashi kamar kwalta ko aman jini, kowace irin cuta mai zazzaɓi, bushewar jiki in maganin fitsari ya yi yawa, da magungunan barci da su tramadol da kodin. Ta ce, “Malama, in kin ga ya fara juya dare da rana, kada ki ƙara masa ƙwaya da kanki, ki nemi abin da ya taso da shi.” Ta kuma rushe mana wata doka da dangi suka kafa, wai mai ciwon hanta ba ya cin nama, ba ya cin wake. Mun kusa mayar da shi ƙashi da fata da wannan doka. Ashe tsokar jiki ma tana taimakawa wajen kwashe gubar, in ta zube abin ƙaruwa yake. Yanzu yana cin alale da awara da ƙwai da kifi, gishiri kaɗan, kuma ba ya kwanciya sai ya sha 'yar fura da nono. Jiƙe-jiƙen da ake kawo masa daga ƙauye kuwa, Umma tana karɓa da godiya, ta zuba wa bishiyar darbejiya.

Ga wanda likitansa ya rubuta masa, kuma aljihu zai iya, ni dai na ga amfaninsa, zan kuma ci gaba da saye. Bai warkar da hantar ba, ba a ma ce zai warkar ba. Baba yana nan yana shan tenofovir ɗinsa na ciwon hantar, ana duba jininsa, ana yi masa hoton ciki duk wata shida. Tun waccan kwanciyar bayan dawowarsu daga Katsina ba mu sake kwana a asibiti ba.

Rigimar da muke ciki yanzu ta mota ce. Likita ya hana shi tuƙi, shi kuma ya ce wanda ya kama kuskuren dubu huɗu a littafin shago ba za a ce masa bai san birki ba. Mukullin yana cikin jakata. Ranar Talata za mu koma asibiti, ya ce da bakinsa zai yi wa likitan magana, kada in sa baki.