Hattara da mai tallar "kwalaben Jamus" na giyar alkama

Masu haɗa giyar alkama a gida, ku buɗe ido. Akwai wani da ke tallar kwalabe a shafukan sada zumunta, wai irin na Jamus ne masu kauri, har ya haɗa maka da ƙullin sukari da takardar bayani. Na saya, na ji a jikina.

Da kayan suka iso, ina ɗaga kwalba ɗaya na ji ta sakayau a hannu. Tsofaffi ne na sha-ka-yar, an wanke an manna musu sabuwar takarda. Ganin kuɗina sun riga sun tafi, sai na rufe ido na ɗura. Kwana goma sha biyu, da tsakar dare muka ji tau! Uku suka tarwatse, wani ɓallin gilashi ya kafe a ƙofar kabad.

Takardarsa ta fi kwalaben haɗari. Cewa ya yi a zuba gram 16 na sukari a kowace lita, kuma wai ba sai an jira yis ya gama aikinsa ba. To ku lissafa, domin yis ne ke cin sukarin ya fitar da iskar gas a cikin rufaffiyar kwalba. Kusan gram 4 a lita shi ke ba da iskar gas ninki ɗaya na yawan ruwan. Giyar da ta tsima a zafin digiri 20 na ma'aunin Selsiyos tana riƙe da gas kusan ninki 0.85 tun kafin a ƙara komai. Kun ga nasa ya doshi ninki 5 ke nan, ban da sukarin da yis bai cinye ba. Gaskiya ne giyar alkama ta fi sauran son kumfa, Jamusawa kan kai ta 3.5 zuwa 4, amma a kwalba mai nauyi da aka ƙera don haka. Kwalba marar kauri kada ta wuce ninki 3.

Ku auna giyar da haidiromita, wato ma'aunin da ke nuna ko da sauran sukari a ciki, sai lambar ta tsaya cak kwana uku a jere kafin ku ɗura. Wanda ya riga ya bi takardar nan, ya sa safar hannu mai kauri da tabarau, ya sanyaya kwalaben sosai, sannan ya sassauta murafen a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

Da na tura masa hoton ɓarnar, toshe ni ya yi. Jiya na sake ganin tallar da sabon suna, amma hoton kwalbar shi ne dai na da.