Badminton na bibbiyu: gefe da gefe ko gaba da baya?

Filin 'yan bibbiyu faɗinsa mita 6.10 ne, tsawonsa 13.40. Masu fara koyo a Garwa ko Marwa da ke arewacin Kamaru sukan tsaya gefe da gefe, kowa ya riƙe rabinsa. Wannan tsayuwar tsaro ce. Da zarar kun ɗaga ƙwallon gashin sama, ku rabu nan take, kowa ya ɗan ja baya da tsakiyar rabinsa, raket a gaban cinya, ku jira dukan da zai sauko. Rauninta tsakiya ne: ƙwallo ta faɗo tsakaninku, kowa na jiran ɗan'uwansa. Ku yanke tun kafin wasa wanda zai riƙa ɗauka.

Gaba da baya kuwa ta kai hari ce, kuma a ganina ita ya kamata a fi ba lokaci wajen atisaye. Na baya yana maka ƙwallo ƙasa, na gaba yana tsaye daf da layin sabis na kusa da raga, raket sama da raga, yana kashe duk wadda ta dawo ba ƙarfi. A bakin ragar nan Hendra Setiawan na Indonesiya ya yi suna: zinaren Olamfik a 2008 tare da Markis Kido, sai kambin duniya a 2013, 2015 da 2019 tare da Mohammad Ahsan. Tun ƙwallo ba ta ƙetare raga ba, Hendra ya riga ya gane inda za ta bi.

Inda ake ɓatawa: na baya ya gaji, musamman a zafin Afrilu, ya ɗaga ƙwallo, na gaba kuma bai koma gefe ba. Sai gefuna biyu su zauna a buɗe, duka ɗaya ya isa a ci maki.