Kafin Ka Sayi Poinsettia Ta Kirsimeti, Duba Waɗannan

Daga ƙarshen Nuwamba kantunan Ingila, Jamus da Amurka kan cika da wata shuka mai jajayen ganye a cikin tukwane, wato poinsettia. 'Yar asalin Meziko ce, Joel Roberts Poinsett, jakadan Amurka na farko a can, shi ya aika da ita gida a shekarun 1820. Wannan asali nata shi ya kamata mai saye ya riƙe a ransa: shukar ƙasar ɗumi ce ake sayarwa a tsakiyar hunturu.

Saboda haka wurin da aka ajiye ta ya fi farashinta muhimmanci. A manyan kantuna tana da araha, amma sau da yawa a bakin ƙofa ake jera ta, inda iska mai sanyi ke bugunta duk lokacin da wani ya shigo. Sanyin da ya yi ƙasa da digiri 10 na Salshiyos yana yi mata illa, kuma illar ba ta nunawa nan take. Sai ka kai ta gida, bayan kwana biyu uku ganye ya fara zuba. A wajen masu renon shuke-shuke ta fi tsada, sai dai galibi a ɗaki mai ɗumi take. Ni dai ta biyun zan zaɓa. Idan ta kanti ce aljihu ya ɗauka, to a ɗauko wadda ke can ciki, kuma a guji wadda ta daɗe a naɗe cikin leda, domin rassanta kan langaɓe.

Jan nan da ke ɗaukar ido ganye ne da ya rikiɗe. Furen gaskiya su ne 'yan ƙananan ƙwayoyin da ke tsakiya, kuma su ke faɗa maka shekarun kayan. In suna dunƙule, kore-kore da ɗan ja ko rawaya a baki, shukar tana da sauran makonni. In sun buɗe suna zubar da garin rawaya, ko sun kaɗe gaba ɗaya, ta kusa gama yayinta. Ka kuma ɗaga ganyen ƙasa: a same su kore shar har gindi, babu ƙananan fararen ƙwari a bayansu, ƙasar tukunyar kuma da danshi, ba jagwab ba.

Batun launi kuwa, ja, fari, ruwan hoda da mai rodi-rodi duk na halitta ne, ka bi son ranka. Shuɗi da shunayya masu ƙyalƙyali fenti ne aka fesa wa fara. Ba haramun ba ne, amma kuɗin fenti kake biya. Girma ma abin dubawa ne: 'yar mitsitsiyar ta kan tebur tana bushewa da wuri, sai an riƙa duba ta kusan kullum, matsakaiciya ta fi haƙuri da mai mantuwa.

Ranar saye, ka bar ta ta zama abu na ƙarshe, a naɗe maka ita da takarda, kada ta zauna a mota mai sanyi. A gida tana son haske sosai da ɗumin digiri 15 zuwa 22, nesa da na'urar ɗumama ɗaki da gilashin taga. A ba ta ruwa idan saman ƙasar ya bushe. Takardar ado mai sheƙi da ake lulluɓe tukunyar da ita tana tare ruwa har saiwa ta ruɓe, don haka a huda ta ko a cire.

Dangin aguwa da tinya ce, shi ya sa take fitar da farin ruwa idan reshe ya karye. Ba ta kisa kamar yadda ake yaɗawa, amma ruwan kan sa ƙaiƙayi, kuma kyanwa ko kare da ya tauna ganyen zai iya yin amai. Mai yara ƙanana ya ɗora ta sama, ko ya sayi ta roba ya huta.

Mai niyyar riƙe ta har baɗi kuwa ya san aikin da ke gabansa: ba ta sake yin ja sai an sa ta cikin duhu ɗunɗum na kimanin awa 14 kowane dare, daga farkon Oktoba har wajen mako 8, da rana a fito da ita haske.