Sunan da ke kan kwalin sukarinmu, nan har asibiti gare shi

Yaya barka da war haka, ya jikin Inna, ya zafin Tawa? Kun ce in ba ku labarin Paris, to bari in fara da abin da ya fi tsaya mani a rai.

Ka tuna kwalin sukarin Saint Louis da Baba ke aikenmu saye in za a ɗora shayi? Ni duk zatona sunan sukari ne kawai, sai da na zo nan na tarar ko'ina shi ne. Akwai tsibiri cikin kogin Seine mai wannan suna da coci a kansa, akwai babbar lakwal kan bulbar Saint-Michel inda ake shirya yara masu shiga makarantun injiniya, akwai asibiti. Ashe sarkin Faransa ne, Louis na 9, ya hau mulki 1226 ya mutu kusa da Tunis a 1270 wajen yaƙi da musulmi, daga baya cocin Katolika ta sa shi cikin waliyyanta a 1297. Har birnin Ndar na Senegal sunansa Turawa suka liƙa mashi. Sukarin kuma daga wata unguwa ta Marseille mai suna Saint-Louis masana'antarsa ta samo suna. Kamar dai yadda muke da jami'ar Djibo Hamani gida da filin jirgin Diori Hamani a Yamai, sai dai nan suna ɗaya ya mamaye wuri goma, shi ya sa duk mai zuwa ya riƙe adireshi cikakke, suna kaɗai ba ya kai mutum.

Asibitin ne ya fi ɗaukar hankalina, na raka wani ɗan Ader da muke ɗaki guda, ƙaiƙayi ya hana shi barci wata da watanni. Sarki Henri na 4 ya sa aka fara gina shi a 1607 don masu annoba, tsohon ginin jan bulo na nan tsaye da fili mai ciyawa da itatuwa a tsakiya, mun zauna kan benci muna jiran lokacinmu, wallahi sai na tuno Inna kan tabarma bakin likita tun asuba da ordonansi a hannu, hawaye suka zo mani. An san wurin da aikin ciwon fata da na jini.

Maganar kuɗi kuwa, ganin likita na unguwa yuro 30 ne, kusan jika 20 ke nan tunda yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya, amma mai katin Vitale, wato katin inshorar lafiya na nan, ana maido mashi kashi 70 cikin ɗari. Nan ne suka fi mu nesa ba kusa ba. Sai dai fa randebu na likitan fata sai ka yi ta jira, ba kamar gida da za ka taka ka gan shi ranar ba in kana da abin hannu. Tikitin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, yuro 2,50 ne a 2025, fiye da jika ɗaya da rabi, kuɗin da kabu-kabu za ya zagaya da kai Tawa.

Sukarin na nan cike da kanti kuma ba tsada in ka duba albashinsu, na sayi kwali guda ina shayi ni kaɗai da dare, babu gawayi babu wanda za a miƙa ma kofi na biyu. Ka ɗauko mani hoton takardun Inna na likita ka turo ta WhatsApp, ina son in nuna ma likitan da nake gani ranar Alhamis.