Tom & Jerry na 2021: mage da ɓera muka zo gani, aka cika mu da surutun otal

Abin da ya sa Tom da Jerry suka shiga ranmu tun muna yara shi ne ba sa buƙatar Turanci. Tun 1940 mage ke bin ɓera, ba mai cewa uffan, kaka da jika kowa yana ganewa. Shi ya sa da mai tura finafinai na bakin layinmu ya ce akwai dogon fim ɗinsu da aka haɗa katun da mutane na gaske, ban yi wata-wata ba na ce ya tura min.

Farkon ya yi armashi. Tom yana kaɗa fiyano a Central Park da ke New York, ya maƙala baƙin tabarau wai shi makaho ne don a jefa masa kuɗi, Jerry ya zo ya ɓata masa kasuwa. Duk dabbar da ke fim ɗin zane ce, har tattabaru, kuma sun zauna daram a cikin mutane.

Sai ga Kayla, wadda Chloë Grace Moretz ta fito a matsayinta. Ba ta da aikin yi, sai ta yi wa wata mata wayo, ta ɗauke takardar neman aikinta, ta miƙa a babban otal da sunan tata ce, aka kuwa ɗauke ta. Ɗana na aji huɗu ya juyo ya ce, "Baba, ashe in ka kai takardun wani ana ba ka aiki?" Dole na tsayar da fim ɗin na shiga wa'azi, ƙannensa suna ta ƙorafi a kunna. Daga baya ta amsa laifinta, na sani, amma yarinyar da ta shiga da ƙarya ita ce tauraruwa har ƙarshe. Wannan abu ya tsaya min a rai. Ga shi daga nan na koma tafinta, don rigimar Kayla da Terence, manajan bukukuwan otal ɗin, wato Michael Peña, duk magana ce, ƙananan kuma ba sa jin komai sai tambayar ina Tom.

Wurin bikin auren da aka shirya a otal ɗin ne na huce. Ango da amarya sun shigo a kan giwaye irin na bikin Indiya, giwayen suka yi arba da Jerry, wuri ya kacame, kek da ado da baƙi kowa ya kama gabansa. Har uwargida da ke ninke kaya ta ajiye ta yi dariya da hawaye. A nan na ce kuɗina bai faɗi ba.

Amma fa sai da muka haɗiye fiye da awa guda kafin mu kai wurin. Kuma wai a ƙarshe a sa Tom da Jerry su haɗa kai don a gyara aure? Haba! Washegari gajerun nan na da, masu minti bakwai-bakwai, na sa aka tura musu.